Manyan Bairos da Yadda Suke Yanka da Ɗinke Ƙwayoyin Gadonsu

 

Tun daga 1892, lokacin da Dmitri Ivanovsky ya nuna cewa abin da ke lalata ganyen taba yana ratsa matatar da ke tare bakteriya, masana suka ɗauka cewa bairos abu ne ƙarami ƙwarai, mai ƙwayoyin gado kaɗan. Bairos ɗin ƙanjamau, alal misali, tara kacal gare shi. Wannan zato ya rufe mana ido fiye da shekara ɗari, domin duk abin da ya maƙale a matata, ba a neman bairos a cikinsa.

A 1992 Timothy Rowbotham ya samo wata halitta a ruwan hasumiyar sanyaya injina a Bradford ta Ingila, tana zaune cikin amiba. Saboda girmanta aka lissafa ta cikin bakteriya. Sai a 2003 Bernard La Scola da Didier Raoult da abokan aikinsu a Marseille ta Faransa suka tabbatar bairos ce, aka sa mata suna Mimivirus. Da aka karanta DNA ɗinta a 2004, aka tarar da haruffa kusan miliyan 1.2 da ƙwayoyin gado wajen 1,000, har da na haɗa furotin, waɗanda a da ake ganin sai tantani mai rai ke da su. A 2013 kuma aka bayyana Pandoravirus salinus daga gaɓar tekun Chile, mai haruffa kusan miliyan 2.5, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa ba su yi kama da na kowace sananniyar halitta ba.

Yanzu ga jigon laccar. A jikin mutum da dabba da tsiro, yawanci ƙwayar gado ba ta zuwa a miƙe. Saƙon yana tsinke-tsinke: gutsuren da ake bukata, wato egzon, sai gutsuren da za a cire, wato intiron. Aikin tela ne sak, ya yanke yadi, ya zubar da ƙyallen da ba ya so, ya ɗinke saura ya zama riga. A cikin bairos aka fara gano wannan aiki, a 1977, lokacin da Richard Roberts da Phillip Sharp suke nazarin adenovirus, abin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1993.

Manyan bairos sun kai wannan ɗinki wani mataki. Ku dubi Faustovirus, wanda aka bayyana a 2015, aka kuma same shi a ruwan kwata na Marseille da na Dakar. Ƙwayar gadon da ke gina kwansonsa ta bazu a kan haruffa wajen 17,000, an raba ta gutsure 13. Bayan an cire na cirewa an ɗinke saura, saƙon da ya rage kimanin haruffa 2,000 ne. Idan aka kuskure harafi ɗaya wajen ɗinkin, furotin ya lalace, kuma ba kwanso ba bairos. Shi ma Mimivirus yana da intiron a ƙwayar gadon kwansonsa, yana kuma da wani gutsure a cikin furotin ɗin da ke kwafe masa DNA, wanda ke yanke kansa ya fita bayan an gama haɗa furotin ɗin. Pandoravirus kuwa, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa suna ɗauke da irin intiron ɗin da injin cibiyar tantani ke cirewa, kuma ba ya iya hayayyafa sai da cibiyar amiban da ya shiga.

To, daga ina wannan tarin gado ya fito? Wasu sun ce manyan bairos ragowar wani tsohon reshe ne na rayuwa da ya ƙanƙance. A 2017 nazarin Klosneuvirus, daga matatar ruwan datti a ƙasar Ostiriya, ya nuna ƙwayoyin gadonsa na haɗa furotin aro su aka yi kaɗan-kaɗan daga halittu daban-daban. A 2018 kuma ƙungiyar Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel ta kawo hujjar cewa Pandoravirus yana ƙirƙiro sabbin ƙwayoyin gado daga sassan DNA da a da ba su ɗauke da wani saƙo. A ganina hujjar aro da ƙirƙira ta fi ƙarfi: waɗannan halittu daga ƙanƙanta suka taso, suna ara, suna kwafa, suna sabuntawa.

Ɗalibai, kusan duk waɗannan bairos daga ruwan kwata da tafki da taɓo aka samo su, ta hanyar kiwon amiba a ɗakin gwaji. Kududdufanmu da madatsun ruwanmu suna nan suna jiran mai ɗiba. Ina kira ga sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'inmu su sa wannan cikin ayyukan bincikensu, su kuma nemi haɗin gwiwa da masu na'urar karanta DNA.

 Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.