YADDA A KE GANE TSOHON JIRGIN SAMA MAI FUKAFUKAI HAWA BIYU



Maganar yau a kan hoto ce. Sau da yawa a kan nuna wa mutum hoton wani tsohon jirgin sama mai fukafukai hawa biyu, na sama da na ƙasa, da tambarin soja a jikinsa, a ce masa wannan shi ne jirgin da ya fara zuwa Kano. Mai sauraro ya gaskata, ya faɗa wa wani. Malamin makaranta kuwa, in ya karɓa bai bincika ba, sai ya koya wa yara, su tashi da kuskure suna tsammanin tarihi ne. Alhali kama da wane ba wane ba ne. Fenti riga ce, ana iya sa wa kowane jirgi. Saboda haka ya kamata a san abin da za a duba kafin a yarda.

Ga asalin labarin tukuna. Ran 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na mayaƙan sama na Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alkahira, ƙasar Masar. Na runduna ta 47 ne, shugabansu kuwa wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Hartum da El Fasher da Fort Lamy, watau garin da yanzu a ke kira Injamena, suna sauka suna shan mai. Ran 1 ga Nuwamba suka sauka Kano a filin wasan dawaki, don a lokacin babu filin jirgi. Zamanin Sarkin Kano Usman ne, a Katsina kuwa Sarki Muhammadu Dikko ke bisa gado. Daga Kano suka ƙarasa Kaduna, sa'an nan suka juya, suka koma Helwan ran 19 ga Nuwamba, bayan sun yi tafiyar fiye da mil 5,000. Jiragen nan uku iri ɗaya ne, sunan irinsu DH.9A. To, da me za a gane shi?

Abu na fari, a dubi ƙira, don ita ce ba ta sakewa. DH.9A babba ne: faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kusan ƙafa 46, tsawonsa ƙafa 30. Da katako aka yi shi, aka lulluɓe da yadi. Fukafukansa a miƙe su ke sambal. Tsakanin na sama da na ƙasa akwai sandunan tokara, kashi biyu a dama, kashi biyu a hagu. Hancinsa dakusasshe ne mai faɗi, domin lagireto ne a gaba, bayan farfela. Injinsa ƙirar Amurka ne, ana ce masa Liberty, silinda 12, ƙarfin doki 400. Mutum biyu ya ke ɗauka, matuƙi a gaba, abokinsa dab da bayansa, kansu a waje ba rufi.

Jirgin da aka fi rikita shi da wannan shi ne Tiger Moth na kamfanin de Havilland. Amma shi ƙarami ne, faɗinsa ƙafa 29 da 'yan kai. Sandunan tokararsa kashi ɗaya ne kurum a kowane gefe, fukafukansa sun ɗan karkata baya, hancinsa siriri, tankin mansa kuma yana sama a tsakiyar fiffike. An ƙera fiye da 8,000 don koyon tuƙi, har yanzu kuwa akwai masu tashi, waɗanda masu su suka shafa musu rawaya da tambarin soja don sha'awa. Shi ya sa hotunansu suka yi yawa. Sai dai Tiger Moth bai fara tashi ba sai 1931, shekara shida bayan zuwan Coningham. In kuwa an ga jirgi mai fukafukai hawa biyu da inji huɗu da ɗakin fasinja mai tagogi, wannan DH.86 ne, irin wanda kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da shi daga Hartum zuwa Kano cikin 1936.

Abu na biyu, a dubi tambari. Na Ingila zobba ne uku: ja a tsakiya, fari, sa'an nan shuɗi a waje. Sun fara shi ne a ƙarshen 1914, saboda daga ƙasa a kan ɗauki tutarsu kamar giciyen Jamus, har nasu su harbi nasu. Na Faransa kuwa akasin haka ne, shuɗi a tsakiya, ja a waje. Wannan bambanci yana da amfani a nan, da ya ke Faransawa ne ke riƙe da Maraɗi da Damagaram da Fort Lamy a wancan zamani. Amma akwai tarko guda. Fim ɗin da a ke ɗaukar hoto da shi a shekarun 1920 ya kan mai da ja baƙi wuluk, shuɗi kuwa ya fito fari-fari. Don haka a tsohon hoto marar launi, tambarin Ingila ya kan nuna baƙin ɗigo a tsakiya da zobe mai haske a waje, na Faransa ya nuna baƙin zobe a waje. Wanda bai san haka ba sai ya juya su. Tambarin mayaƙan saman Nijeriya, kore da fari da kore, ba shi da wuri a wannan magana, don sai 1964 aka kafa rundunar.

Abu na uku, a karanta lamba. Kowane jirgin sojan Ingila yana da lambarsa a jiki wajen wutsiya. A zamanin da a ke magana, harafi ɗaya ne da alƙaluma, DH.9A kuwa harufansa su ne E da F da H da J. Lambar da ta fara da K ta 1929 ce zuwa gaba. Mai harafi biyu da alƙaluma uku ta 1940 ce zuwa gaba. In kuma harufa ne zalla manya-manya, sun fara da G, to, ba na soja ba ne, na farar hula ne mai rajistar Ingila.

Abu na huɗu, a dubi abin da ke kewaye da jirgin. Wace irin tufa mutanen suka sa? Akwai dogarai, akwai dawaki, akwai rawuna? Ƙasa ce da ciyawa, ko kuwa kwalta da gine-ginen zamani? Hoto mai launi tas, jirgi yana sheƙi, motocin yau a bayansa, ba na 1925 ba ne, kome kyaun tambarinsa.

Ko an sami ƙirar daidai, da sauran magana. Misali, akwai DH.9A guda, lambarsa F1010, a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Hendon, birnin Landan. Nizam na Haidarabad, wani babban sarki Musulmi a ƙasar Indiya, shi ya ba da kuɗin sayensa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin Oktoba, 1918, ya faɗa hannun Jamus, aka ajiye shi a Berlin, daga baya ya ƙare a ƙasar Poland, sai 1977 ya komo Ingila aka gyara shi. Ƙirarsa ɗaya da ta jiragen Coningham, tambarinsa na Ingila, amma bai taɓa taka Kano ba. Wanda ya nuna hotonsa ya ce, “Ga irin jirgin da ya zo,” ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce, “Ga jirgin da ya zo,” ya yi kuskure.

Kankiya tana kan hanyar Katsina zuwa Kano, mutanenta kuwa sun daɗe suna fatauci da aikin gwamnati da na soja. Ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohon hoto cikin adakar kaka. Wanda ya samu, kada ya yar, kada ya bari gara ko danshi su ci shi, kada kuma ya yi rubutu a fuskarsa. Ya tambayi dattawan gida wa ya kawo shi, daga ina, a zamanin wane sarki, ya rubuta amsar a wata takarda dabam. Sa'an nan ya nuna shi a gidan tarihi na Katsina, ko Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.