AMANAR KUNAMAR RUWA

Yau za mu yi tunani a kan waɗansu ma'aikata da ba mu cika jin labarinsu ba, wato masu tsaron kifin da kowa yake tsoro.

Bari mu fara daga gida. Masunta na bakin Kogin Binuwai sun san wani kifi mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai ƙari. Kunamar ruwa ake ce masa, gama wanda ya taka shi cikin yashi ba ya manta harbin. A shekara ta 1962 masana suka rubuta shi cikin littattafan kimiyya, suka raɗa masa suna daga garin Garwa na ƙasar Kamaru. Yau yana cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

Kunamar ruwa tana da dangi da yawa a teku, danginta kuwa 'yan'uwan kifin shak ne. Dukansu ba su da ƙashi irin na tarwaɗa, sai guringuntsi. Sun fi iri dubu. A shekara ta 2021 masana suka ba da sanarwa cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan iri suna fuskantar ƙarewa. A shekarar nan kuma wani bincike ya nuna cewa waɗanda suke zaune a tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970.

Mene ne ya kawo haka? Kamu fiye da kima. An kimanta a 2013 cewa mutane sukan kashe kifin shak kamar miliyan 100 kowace shekara: waɗansu domin nama, waɗansu domin fukafukansu da ake miya mai tsada da su a gabashin Asiya, waɗansu kuma taru ne ya kwaso su ba da nufi ba. Mutanen da kifin shak yake kashewa kuwa a dukan duniya, a yawancin shekaru ba su wuce goma ba. To, 'yan'uwa, wa ya kamata ya ji tsoron wani?

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, waɗannan kifaye ba sa haihuwa da yawa. Karfasa takan zuba ƙwai barkatai, amma babban kifin manta, mai faɗin da yakan kai mita 7, yakan ɗauki ciki wajen shekara guda, ya haifi ɗa ɗaya tak. In an kashe uwa, an rufe gida ke nan.

Ga inda ma'aikatan nan suka shigo. Masanan teku sukan fita da jirgin ruwa, su kama kifin, su auna shi, su maƙala masa 'yar na'ura, su sake shi, domin a san inda yake bi da inda yake haihuwa. Amma teku ta fi ƙarfin masana su kaɗai, saboda haka 'yan sa kai suka sa hannu. A Ningalu, yammacin Ostareliya, masu iyo sukan ɗauki hoton babban shak mai ɗige-ɗige, wanda shi ne kifi mafi girma a duniya. Kowane ɗaya da irin ɗigonsa, kamar zanen yatsan mutum, har kwamfuta takan gane shi in ya komo bayan shekaru. A Ingila kuma, tun 2003, iyaye da yara suke bin bakin teku suna tsintar ɓawon ƙwan kifayen nan, suna aika wa masana labari. Ba albashi, ba yabo. Amma da yayyafi kogi kan cika.

Wahalarsu ba ta zama banza ba. A 2009 ƙaramar ƙasar Palau ta hana kamun shak don ciniki a dukan ruwanta. A 2013 a Bankok, da kuma 2022 a Panama, ƙasashen duniya suka yarda a sa doka a kan cinikin iri masu yawa tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙidayar masu haƙurin nan tana cikin abin da ya sa shugabanni suka saurara.

Me za mu koya? Littafin Farawa sura ta fari ya nuna mana cewa manyan halittun teku aikin hannun Allah ne, ya kuwa gan su da kyau tun ba a yi mutum ba. Mulkin da aka ba mu a kansu amana ce, mai riƙon amana kuwa zai ba da lissafi. Da sauƙi mu lura da tunkiya, gama tana ba mu nama. Amma mutanen nan suna hidima ga halittar da ba za ta taɓa gode musu ba, mai yiwuwa ma ta cije su. Sun tuna mana cewa tsoron abu bai ba mu izinin shafe shi daga duniya ba.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma muna da kogi. Ɗan'uwa masunci, in kunamar ruwa ta faɗa cikin komarka da rai, ka yi hankali da ƙarinta, ka maishe ta ruwa. Kada mu zuba guba a kogi domin kamun kwana ɗaya, kada kuma mu saya daga wurin mai yin haka. Mu bar wa jikokinmu abin da kakanninmu suka bar mana.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Mahalicci, ka kiyaye masu aiki a bisa ruwaye, ka ba masunta abinci da wadar zuci, ka koya mana riƙon amanar abin da ka yi. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.