Masu kiwon da ido ba ya gani a cikin teku

Yau teku za mu shiga. Na san wani zai ce, mu da ba mu da teku ina ruwanmu? To ɗan'uwa, kifin ƙanƙarar nan da ake soya mana, daga can ya fito.

A saman teku akwai ƙananan tsirrai irin gansakuka, su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Suna raye suna zubar da sukari da wasu sinadarai a ruwa, in sun mutu ma su narke. Kifi ba zai iya cin abin da ya narke ba. To ina yake zuwa?

Bakteriya ke shanye shi. A mililita ɗaya tak na ruwan saman teku, akwai su wajen miliyan guda. Sai wasu halittu masu ɗan bulala su cinye bakteriyar, wasu masu gashi-gashi su cinye masu bulalar, ƙananan ƙwarin ruwa su cinye waɗannan, kifi kuma ya cinye ƙwarin. Kun ga abincin da ya ɓace ya dawo hanya.

Ba a nan ta tsaya ba. Masu kiwon nan in sun ci, suna fitar da amoniya da fosfet, wato taki. Kamar dai shanu su ci kara a gona bayan girbi su bar kashi. Da takin nan tsirran ke sake tsirowa.

Lawrence Pomeroy ne ya ja hankali kan wannan a 1974. A 1983 kuma Farooq Azam, haifaffen Pakistan, da abokan aikinsa suka bayyana zagayen dalla-dalla.

Ga abin da ya dame ni. In saman teku ya ɗumama, ba ya gauraya sosai da ruwan ƙasa mai taki. Sai tsirrai mafi ƙanƙanta su yi rinjaye, layin ci ya ƙara tsawo. A kowane mataki kuwa yawancin abincin ƙonewa yake, kaɗan ke isa ga kifi. Wato ɗumamar yanayi na iya taɓa tukunyarmu ta inda ba mu zata ba.

Ku tura wa abokai, sai mun haɗu a shiri na gaba.