Rashin gani ba iri ɗaya ba ne, maganinsa ma haka

Jawabi zuwa ga ɗaliban yaƙi da jahilci



A wuraren karatun manya, masu kuka da ido suna da yawa. Wani ba ya ganin allo daga nesa. Wani kuma in ya ɗauki jarida sai baƙaƙe su haɗe masa. Masu ba da shawara ba su ƙarewa: a ci hanta, a juya ido, a kalli rana da safe. Wani ya gwada ya ji sauƙi, maƙwabcinsa ya gwada bai ga komi ba. Mi ya sa? Domin ba abu ɗaya ke kawo rashin gani ba.

Wannan magana ta daɗe. A shekarar 1920, wani lokotoron ido na ƙasar Amurka mai suna William Bates ya fid da littafi. Ya ce mutane su yar da tabarau. Su dinga rufe ido da tafin hannu, su juya shi, su shanya shi ga rana. Mutane da yawa sun bi shi. Amma da masana suka auna idanun masu yin haka, sai suka tarar ido yana nan yadda yake.

Ga inda bambancin yake.

Na ɗaya, dundumi. Mai dundumi yana gani da rana, amma da almuru sai lalube. Abin da ke kawo shi rashin bitamin A ne a jiki. A nan abinci magani ne: hanta, ƙwai, mangwaro, karas, kabewa, zogale da manja. Shi ya sa ake ba yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara. Amma wanda jikinsa bai rasa bitamin ba, ko ya ci buhun karas, ganinsa ba ya ƙaruwa.

Na biyu, rashin ganin nesa. Tsawon ƙwayar idon baligi wajen milimeta 24 ne. In ta ɗara haka ko da kaɗan, abin da ke nesa sai ya yi hazo. Juya ido ba ya rage wannan tsawo, kamar yadda tsalle ba ya rage tsawon ƙafa. Tabarau ne ke gyara gani. Sai dai wasa a waje cikin hasken rana yana rage ma yara kamuwa da wannan matsala.

Na uku, shekaru. Cikin ido akwai wani ɗan madubi mai taushi. Shi ne ke lanƙwasawa in ana duban abu na kusa. Daga shekara 40 zuwa sama sai ya fara tauri. Shi ya sa dattijo ke miƙa takarda nesa kafin ya karanta, tsohuwa kuma ta nemi jika ya zura mata zare ga allura. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba dalilin barin karatu ba ne. Tabarau na karatu ya isa.

Na huɗu, yanar ido. Ɗan madubin nan ne ke yin fari kamar nono. Yana ce ta fi makantar da mutane a duniya. Ganye ko kwalli ba su wanke ta. A likita ake cire ta, a sa wani madubi, mutum ya koma gani. Masu yawo ƙauye suna tura yana da tsinke sun kashe idanu da yawa.

Na biyar, hawan jinin ido. Ruwan da ke cikin ido ne ke matse jijiyar gani. Sau da yawa ba ya zafi. Yana cin gani daga gefe, sannu-sannu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya tsaya gwaje-gwaje a gida yana ɓata lokacin da ya kamata a tsai da cutar.

To, waɗanda suka ce sun ji sauƙi fa? Ba ƙarya suke ba. Idon da ya gaji, in ya huta, yana jin daɗi. Wanda ya matse ido yana ɗan ƙara gani na ɗan lokaci. Wanda ke duban allo ɗaya kullum yana hardace baƙaƙen, ya zaci gani ne ya ƙaru.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Kada kowa ya ƙura ma rana ido, domin tana ƙona can cikin ido. Kada kuma a ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi cikin ido, balle na yaro.

Duk wanda ganinsa ya rage, ya tafi likita a auna shi tun da wuri. Sai an san cuta ake sanin magani. Wanda ya ji wannan jawabi, ya gaya ma wanda bai zo ba.