Yawan ƙuri'a ba shi ne gamsuwa ba: jawabi ga 'yan kasuwa da ma'aikatan Junju

A zaɓen 1993 da ya ɗora Mahamman Usman bisa mulki, kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne suka fita, alhali ɗokin Taron Ƙasa na 1991 bai huce ba. A Disamban 2020 kuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari suka kaɗa ƙuri'a, amma da sojoji suka hamɓarar da Bazum a Yulin 2023, dubbai suka fito titunan Yamai suna murna. Ashe layin zaɓe yakan haɗa mai fata da mai takaici, har da wanda maigari ya turo. Da aka rufe gadar Gaya a shekarar, ɗan kasuwa ya rasa ɗan majalisar da zai kai wa kuka, domin an dakatar da majalisa.