Ɗakin Gwaji Wurin Awo Ne: Ku San Yadda Ake Auna Lafiyarku

Iyayenmu da 'yan uwanmu mazauna Gidar, da baƙinmu masu zuwa cin kasuwa daga Figil, Mayo-Ulo, Garwa da Mubi.

Kowane ɗan kasuwa a cikinku ya san darajar mudu. In aka buga wa mudu gindi, ko aka taɓa sikeli, mai saye ya cutu tun bai kai gida ba. To, ɗakin gwaji na asibiti shi ma wurin awo ne, sai dai a can jini ake aunawa, da fitsari, da majina. Asarar mugun awo a kasuwa a aljihu take tsayawa. A asibiti kuwa tana iya kaiwa ga rai.

Ku ɗauki misalin yaron da jikinsa ya yi zafi. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zafin jiki ne sauro ya kawo shi ba. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da rani. In gwaji ya yi kuskure, sai a yi ta ɗura wa yaro maganin cutar da ba ta jikinsa, wadda take jikinsa kuwa tana ci gaba da cin sa. Saboda haka ga abubuwa huɗu da za ku lura da su duk ranar da aka tura ku gwaji.

Na farko, allura. A gabanku za a yage ledarta, kuma da an gama sai a jefa ta cikin kwalin da aka tanada domin allurai, ba kwandon shara ba. Ma'aikaci zai tsabtace hannunsa, ya sa sabuwar safar hannu, ya goge wurin da zai soka. Dalili shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini. Allurar da aka maimaita tana iya ɗauko ta, ko ƙanjamau, daga jikin wani zuwa naku.

Na biyu, suna. Musa nawa ne a layi ɗaya? A'isha nawa? Ku tabbata an rubuta cikakken sunanku ko lambarku a jikin kwalbar tun kuna zaune. In takardar sakamako ta fito, ku duba sunan, ko ku ba wani ya karanta muku. Gwaji mai kyau a kan jinin wani ba shi da amfani gare ku.

Na uku, lokaci. Ɗan allon nan na gwajin gaggawa yana buƙatar minti 15 zuwa 20 kafin a karanta shi, gwargwadon umarnin kamfanin da ya yi shi. Mun san kun bar rumfa, kuma ciniki ba ya jira, amma sauri ya haifi nawa. Kada ku matsa wa ma'aikaci. A jikin allon akwai layi guda da ke shaida cewa kayan gwajin na da kyau. In wannan layi bai fito ba, gwajin ya lalace, dole a sake shi.

Na huɗu, zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin yankinmu yakan haura digiri 40, kuma zafi yana ɓata kayan gwaji kamar yadda yake ɓata madara. Shi ya sa ɗakin gwaji nagari yake ajiye kayansa a inuwa ko a firji, yana duba ranar ƙarewar wa'adinsu. Kayan gwajin da suka yini a rana a kan teburin mai talla, ba a dogara da abin da suka nuna.

Ku ma akwai naku nauyin. In an ce ku zo gwajin suga ba ku karya ba, to a ƙalla awa 8 ke nan ba abinci, sai ruwa. In majina aka nema domin tarin fuka, daga ƙirji za a tarar da ita, ba yawun baki ba. Kwalbar asibiti kaɗai za ku zuba abin gwaji a ciki. In kun riga kun sha magani, na kanti ko na gargajiya, ku faɗa, domin yana iya ɓoye cutar.

Wani lokaci za a ce an aika abin gwajinku Garwa, inda Cibiyar Pasteur ta Kamaru take da reshe. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Akwai gwajin da sai babban ɗakin gwaji ke iya tabbatar da shi. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2010, wadda ta ci arewacin Kamaru da na Nijeriya lokaci guda, sun san cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka. Don haka masu zirga-zirga tsakanin Gidar da Mubi, ku riƙa tafiya da takardun gwajinku cikin leda, ku nuna wa duk likitan da zai duba ku.

Ma'aikatan ɗakin gwaji 'ya'yanku ne da ƙannenku, kuma kullum da jinin mutane suke aiki. Ƙa'idodin nan suna kare ku, suna kare su. In kun ga an tsallake ɗaya, ku yi tambaya cikin ladabi: "Malam, allurar nan sabuwa ce? An rubuta sunana?" Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.