Motsa Jiki a Makaranta da Rigakafin Ƙibar Yara

 

Wani zai ce, a ƙasar da ake fama da tamowa, ina amfanin taruwa a kan ƙiba? Amsar ita ce cututtukan biyu sun riga sun haɗu a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990, kashi 8 cikin ɗari na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima. Zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato sama da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibar tasu ta kai matsayin cuta. Mu kuwa a nan, idan yaro ya yi kumatu sai mu ce hutu ne, gidansu akwai wadata. Amma yaro mai ƙiba yakan girma da ita, ita kuma takan ja masa ciwon suga da hawan jini tun yana da ƙuruciya.

Hukumar ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum yana motsin da zai sa shi haki. Wani bincikenta da ya fito a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa ga hakan, kuma abin ya fi tsanani a wajen 'yan mata.

To, mu dubi ranar yaron birni. A mota ko A Daidaita Sahu ake kai shi boko, ya wuni kan benci, ya dawo ya wuce Islamiyya, da dare kuma waya ko talabijin. Dandalin da ake langa da kokawa da gaɗa an yanka shi filoti. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne, ba su da filin da yara goma za su yi tsere. Darasin motsa jiki yana cikin manhaja, amma sau da yawa a allo ake yin sa: yaro ya haddace faɗin filin ƙwallo, ya ci jarrabawa, bai taɓa zufa ba. Gasar wasanni ta shekara kuwa, zakaru kaɗan take fitarwa. Mai ƙibar da ya fi kowa bukata yana gefe yana tafi.

Akwai darasi a abin da ya faru a garin Stirling na ƙasar Sikotilan. A 2012, shugabar firamaren St Ninian's, Elaine Wyllie, ta lura ɗalibanta ba sa iya zagaya fili ba tare da sun galabaita ba. Sai ta ware minti 15 a kowace rana: kowane aji ya fita, da kayan makarantarsa, a yi gudu ko sassarfa, kowa daidai ƙarfinsa. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe, babu kuɗin da aka kashe. Shirin, mai suna Daily Mile, ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma binciken jami'o'in Stirling da Edinburgh na 2018 ya samu ƙaruwar ƙarfin jiki da raguwar kitse ga yaran da ke yin sa. Sirrinsa shi ne kullum ake yi, kuma kowa ne ke yi.

Sai dai gudu kaɗai ba ya gama aikin. Kwalbar lemo mai rabin lita na iya ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10. Yaron da ya yi gudun minti 15 ya fito ya shanye ta a bakin ƙofa, an yi tufka da warwara. Dole makaranta ta sa ido kan abin da ake sayarwa a harabarta, ta kuma wadata yara da ruwan sha.

Ga roƙona. Shugabannin makarantu, ku sa minti 15 a jadawalin kowace rana, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Malamai, ku daina hukunta yaro da tsallen kwaɗo, don kada ya tashi yana ƙin motsa jiki. Ku kuma hana a yi wa mai ƙiba dariya. A ware wa 'yan mata wuri da malama mace, da suturar da iyaye za su amince da ita. Hukumomin ilimi, kada ku ba makarantar da ba ta da wurin wasa lasisi. Iyaye kuma, idan za ku sa yaro makaranta, ku tambayi ina filinta kamar yadda kuke tambayar sakamakon jarrabawarta.